Awon Wuyan Baba

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

An yi wa Baba aiki a wuya ranar Litinin da safe, an cire masa wani ƙullutu mai girman ƙwan kaza, kuma jiya Laraba aka sallame shi. Yanzu haka yana falo a kan kujerarsa, yana shan shayi da cokali, yana yi wa Umma ƙorafin cewa ta rage masa sukari da gangan. Yana numfashi lafiya, yana haɗiya lafiya, muryar ce dai ta dushe. Na sa wannan gaba da gaisuwa don na san halinka: da na fara da tambayar yara da aiki, tsallake su za ka yi kana neman inda labarin yake. To, ka samu. Zauna ka karanta sauran a tsanake.

Bayan haka, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Yaya sabon aiki, yaya baƙunta? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raya mana yaran nan, ya sa ƙaramar ta rabu da tarin da ka ce yana damunta. Mu a nan duk lafiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da ta yarda ta daina hawa kujera tana share saman kabad. Kawu ya ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, yanzu ya zama mai duba aikin kowa. Goggo tana nan yadda ka san ta. Maigidana da yara suna gaishe ka, babban ya fi ni tsawo yanzu, kuma ba ya bari a manta.

Na san abin da za ka fara tambaya: me ya sa sai yanzu kake ji? Laifin namu ne mu uku, ni da Umma da Auta, amma umarnin na Baba ne. Sharaɗin da ya gindaya ke nan kafin ya yarda a kai shi asibiti, cewa ba za a gaya maka ba sai an gama. Ya ce da ka ji, jirgi za ka hau, ka bar aikin da ka fara wata huɗu kacal, ka zo ka tsaya masa a ka kana yi wa likitoci tambayoyi har su gaji da mu. Na yi masa musu, ban ci nasara ba. A makonni bakwai ɗin nan, duk lokacin da ka tambaye ni Baba a waya na ce yana nan lafiya, abin yana tsaya mini a rai har washegari. Ka yafe mini. Na zaɓi rubutu kuma saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Labarin ya fara ne daga aikin Auta, aikin nan da ka taɓa kira tara gwangwani ranar da ta ce ba za ta nemi aikin injiniya ba. Shekara uku rabonka da ganin abin da take yi, saboda haka bari in bayyana maka. Ta kama rabin wani shago a bayan layin masu katako, ɗaya rabin na wani dattijo ne mai walda da ke haɗa ƙofofi da tagogi, shi ne kuma yake haɗa mata nata ƙarafan. Tana da wata na'ura mai girman dutsen guga. Mutum zai zauna shiru, ita kuma ta riƙa zagaya shi da na'urar tana haska shi, na'urar tana ɗaukar siffar jikinsa ɗigo-ɗigo, har ɗigo miliyoyi. Kwamfuta sai ta haɗa ɗigon su zama fata ta ƙananan alwatika masu kusurwa uku, kamar an lulluɓe mutum da raga. Daga nan aikinta na gaske yake farawa: ta yi ta rage alwatikan, tana haɗe ƙanana su zama manya, har su dawo 'yan ɗaruruwa. Kowace alwatika tana da lamba. Ta kai lambobin inda ake yanka farantin ƙarfe da injin haske, a yanko mata su, mai walda ya haɗa su gefe da gefe, mutum ya tashi daidai girmansa, cikinsa fayau.

Tambayar da take bi a duk aikin ɗaya ce, kuma na ji ta faɗe ta sau da yawa: alwatika nawa ne mafi ƙaranci da za su isa a gane mutum? Ba baƙo ba, danginsa. Ta yi mai gasa burodi, ta yi wata ungozoma, ta yi makanike, duk masu aikin hannu, za a nuna su tare a watan Nuwamba. Na huɗu, wanda ta fi damuwa da shi, shi ne tela, wato Baba. Umma ce alƙalinta. Ta nuna mata kan Baba a allon kwamfuta da alwatika hamsin, Umma ta ce wannan ai tulu ne. Da tamanin ta ce ya yi kama da wani maƙwabcinmu na dā. Da ɗari da goma ta matso da gilashinta, ta ce ga kunnensa nan, kuma ga yadda yake karkatar da kai in yana jin ƙaryar wanda ya kawo ɗinki cewa gobe zai zo karɓa. A nan Auta ta tsaya. Jikin duka ya tashi a alwatika ɗari huɗu da goma sha biyu, ƙanana a fuska da yatsu, manya a gadon baya.

Sau biyu ta ɗauki siffar Baba, kuma wannan ne tushen komai. Na farko a watan Maris na bara. Ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa da singileti, kai da wuya da kafaɗu suka fito tsaf, amma hannuwan suka lalace, don ka san Baba ba ya iya barin yatsunsa su huta, sai ya laluɓi zare ko ya murza alli. Ta ce ba komai, za ta fara da kai. Wasu ayyuka suka sha gabanta, sai a watan Mayun bana ta dawo kansa, wata goma sha huɗu ke nan. A karo na biyu ta ba shi almakashi ya riƙe don hannun ya natsu, ta ɗauka daga wuya zuwa ƙasa. Ta gaya mini daga baya cewa a ranar sai da suka kai ruwa rana kafin ya cire riga. Ya ce sanyi yake ji, ya ce ai ta riga ta ɗauki wuya bara, ya ce tsufa ba abin kallo ba ne. Ta ɗauka kunya ce. Ta lallashe shi har ya cire, ya rataya tef ɗin awonsa a wuya kamar kullum, ta sa ya sauke shi. Ta zagaya shi sau biyu, na'urar ba ta fi kamu ɗaya daga maƙogwaronsa ba, ba ta ga komai ba, don idonta yana kan allo.

Aka yanko ƙarafa. Kai da saman wuya daga awon bara, ƙasan wuya da gangar jiki daga awon bana. Mai walda ya haɗa kai daban, jiki daban, kowanne ya yi kyau. Ranar da aka zo ɗora kai a kan jiki, sai ya ƙi zama. Ta hagu da ta baya komai ya haɗu kamar murfi da kwano, amma ta gaba, ɓangaren dama, guda bakwai, daga lamba tamanin da takwas zuwa casa'in da huɗu, suka ƙi kaiwa ga 'yan'uwansu. Bakin wuyan da ke jiki ya fi na kai faɗi da milimita goma sha tara. Auta ta ce zafin walda ne ya murɗe ƙarfen. Dattijon bai yi musu ba, ya ɓalle su ya sake. Giɓin yana nan. Ta ce masu yanka ne suka yi kuskure, ta koma ta yi musu faɗan da har yanzu take jin kunyarsa, suka sake yankowa. Giɓin yana nan, milimita goma sha tara, ba ƙari ba ragi. Ta ce to na'urar ce ta fara tsufa. Ta ɗauki siffar wani gwangwanin fenti, ta auna shi da hannu, ta kwatanta, na'urar ba ta yi kuskuren ko rabin milimita ba. Makonni uku suka tafi a haka. Ta rame, ta daina ɗaga waya, ita da mai walda suka koma gaisuwa kawai.

Shi ne ya warware abin. Na je na same shi daga baya don in ji daga bakinsa, kuma abin da ya faɗa mini ya yi daidai da abin da ita ta faɗa. Ya ce ranar ya ga ta ɗauko guduma za ta tilasta wa ƙarfen, sai ya kashe injinsa, ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya ce mata: "'Yata, shekara ashirin ina haɗa ƙofofi. In awo daidai ne, ƙarfe daidai ne, ƙofa kuma ta ƙi shiga, to bangon ne ya motsa. Je ki auna mutumin."

Ba ta je gida ba tukuna. Ta buɗe kwamfuta ta ɗora siffar bana a kan ta bara, abin da ta ce da ta yi tun farko da minti goma ya ishe ta. Manhajar tana nuna kore inda siffofi biyu suka dace, ja inda suka saɓa. Haɓa kore, ƙashin wuya kore, kafaɗu kore. A gaban wuya ta dama, can ƙasa inda maɓallin riga yake zama, ga wani jan tabo. Da tsakar rana ta zo ofishinmu, ta same ni ina gyaran shafi na uku na jarida, ta ajiye kwamfutar a kan takarduna. Na tambaye ta ko zama ne ya bambanta, wataƙila ya juya kai ko yana haɗiyar yawu. Ta ce ta duba, zagaye biyu ta yi, a duka biyun yana nan. Na tambaye ta sau nawa na'urar ta taɓa yi mata ƙarya. Ta ce ko sau ɗaya.  Na miƙa wa abokin aikina shafin, muka kama hanyar gida.

Za ka ce yaya aka yi mutum uku masu ido suna gida ɗaya da shi ko suna zuwa kullum, ba su gani ba. Na yi wa kaina wannan tambayar fiye da yadda za ka yi mini. Gemunsa ya sauko, rigunansa masu tsayayyen wuya ne, maɓalli a rufe har sama tun muna yara, ga tef a rataye ko da ba ya ɗinki. Abu kuma a hankali ya yi ta girma, rabinsa ya nutse bayan ƙashi. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Mun tarar Baba ya fita sayen zare. Muka nuna wa Umma allon. Ta daɗe tana kallo, sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta kwaso rigunansa guda shida ta zube a kan gado, ta riƙa juya wuyan kowacce ciki waje. A kowacce an farke ɗinkin baya, an saka wani siririn ƙyalle, an mayar, an matsar da maɓalli. Aikin ya yi tsaf yadda in ba matar tela ba babu mai lura. Ta ce ita ke wanke su, ita ke goge su, ta ga zaren ya ɗan fi haske tun watannin baya, ta ɗauka gyaran tsufa ne. Sai ta zauna a bakin gado da riga a hannu.

Auta ce ta buɗe akwatin keken ɗinkin, ta ɗauko tsohon littafin awonsa, mai baƙin bango, wanda muke yi wa zane a baya muna shan duka. A shafin ƙarshe, bayan awon mutanen da rabinsu sun rasu, akwai layi ɗaya da babu suna a kansa, sai kwanan wata da lamba. Inci sha biyar da rabi, a watan Maris na bara. Sha biyar da uku bisa huɗu. Sha shida. Sha shida da kwata, a watan Mayu. Na lissafa a wayata: daga sha biyar da rabi zuwa sha shida da kwata, milimita goma sha tara ne. Awon ƙarshe, na makon da ya gabata a lokacin, sha shida da rabi. Ranar ɗaya ga kowane wata yake auna kansa, lamba takan maimaitu watanni kafin ta ƙaru.

Ya dawo ya ga riguna a gado da littafi a hannun Auta. Ya ajiye ledar zaren, ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na yi zaton zai yi faɗa an taɓa masa kaya. Sai ya kalli Auta ya ce: "Shekara arba'in da biyu ina auna mutane, ba wanda ya taɓa auna ni sai ke. Na san dutsen gugar nan naki zai tona ni." Umma ta ce masa abubuwa da yawa waɗanda ba zan rubuta ba, a taƙaice dai ta tambaye shi ko jira yake sai ya kai inci ashirin ya buɗe sabon littafi. Ya ce ba ya masa ciwo. Ta ce tarin da yake yi in ya kwanta ta dama fa? Ya ce ƙura ce. Ta ce naman da ya daina ci fa? Ya ce haƙori ne. Duk amsoshin a shirye suke, da gani ya daɗe da yanka su ya ajiye.

Dalilin da ya bayar shi ne yana jira a gama nunin Auta, kada ya ɓata mata shekara biyu na wahala da zaryar asibiti. Na yarda akwai wannan a ciki. Amma ni a ganina, kuma wannan ra'ayina ne, ba abin da ya faɗa ba, marigayi Baffa ne a ransa. Ka tuna shi ya raka yayansa har ƙofar ɗakin tiyata, shi ya riƙe masa agogo da takalmi, kuma shi aka miƙa wa su ya kawo gida. Tun ranar bai sake taka asibiti don kansa ba. Kwana biyu muka yi muna fama. Kawu ya zo ya yi nasa, Goggo ta zo ta yi kuka, ko gezau. A rana ta uku Auta ta shigo da kan ƙarfen nan rungume a ƙirji, ta ajiye masa a kan tebur kusa da shayinsa, ta ce ba za ta ɗora shi ba, ba za ta kai tela nuni ba, sauran ukun ma su zauna, sai ya ga likita. Ya daɗe yana kallon fuskarsa. Ya shafa kunnen, ya ce ta yi masa hanci da yawa. Sannan ya kawo sharaɗin da na gaya maka.

Likitar da ta fara ganinsa ta tambayi tun yaushe abin yake girma, tambayar da ta ce yawanci amsarta "an ɗan jima" ce. Baba ya zaro littafin daga aljihu ya buɗe mata shafin ƙarshe, Auta ta buɗe mata kwamfuta. Ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta kira wani abokin aikinta ya zo ya gani, ta ce ba ta taɓa samun majinyacin da ya zo da tarihin ciwonsa wata-wata ba. Baba ya ji daɗi fiye da kima, har ya gaya mata aljihun rigar aikinta a karkace yake. Aka yi hoton wuya, aka yi gwajin jini, aka tsira allura aka ɗebi kaɗan daga ƙullutun. Jini ya fito lafiya. Hoton ya nuna abin a kan ɓangaren dama na tsokar nan da ke kawo maƙoƙo, ya fara tura maƙogwaro gefe, shi ne tarin da wahalar haɗiya. Abin da aka ɗiba da allura kuwa bai nuna komai ƙarara ba, bai ce ciwon daji ne ba, bai ce ba shi ba ne. Shi ya sa suka yanke shawarar cire wannan ɓangaren gaba ɗaya, a bar na hagu.

Ranar Litinin ƙarfe takwas aka shiga da shi. Ya miƙa wa Umma agogonsa, ya kalli takalminsa, sai ya ce a bar su nan ƙarƙashin gadon, zai dawo ya saka da kansa. Awa biyu da minti arba'in muka yi a benci. Mai walda ya rufe shago ya zo ya zauna da mu, da rigarsa mai ƙonannun huji, yana ta addu'a. Likitan tiyatar ya fito ya ce an gama lafiya. Zan rubuta maka abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ba ƙari: ƙullutun ya fito a dunƙule cikin jakarsa, bai manne da komai ba, bai ga wani kumburi a kewaye ba, a idonsa ya fi kama da mara lahani. Na tambaye shi ko zan iya rubuta wa yayana cewa ba ciwon daji ba ne. Ya ce a'a, in rubuta cewa yana da kyakkyawan zato, amma ido ba ya yanke wannan hukunci, sai an yanka naman siriri-siriri an duba a ɗakin gwaji. In ya fito lafiya, an gama, sai dai duba jini lokaci-lokaci. In ba haka ba, za a koma a cire ɗaya ɓangaren, kuma ya ce ko a hakan irin wannan yana cikin masu jin magani, musamman da aka tare shi yanzu. Muryar kuwa ya ce kumburi ne, jijiyar tana nan lafiya, a ba ta makonni.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara nema madubi ne. Ya duba ɗinkin da aka yi masa, ya yi wa nas alama ta matso, ya raɗa mata cewa wanda ya yi wannan hannunsa yana da kyau, amma ya ja zaren ta gefe ɗaya, zai tattare. Ta ce za ta isar da saƙo.

Yanzu rigimar da ake yi a gidan ta mutum-mutumin ce, kuma ina gode wa Allah da irin wannan rigima. Auta tana so ta ɗora kan yadda yake, ta bar giɓin a buɗe, ta ce shi ne abu mafi gaskiya a duk aikin. Baba ya rubuta mata a takarda, tunda an hana shi yawan magana, cewa aikin da bai haɗu ba ba a gama shi ba, kuma shi bai taɓa barin riga ta fita shagonsa da buɗaɗɗen wuya ba, ba za a fara a kansa ba. Abin da yake so shi ne ciwon ya warke, ta zo da dutsen gugarta ta sake awo na uku, a yanka guda bakwai ɗin daidai da wuyan da yake da shi yanzu. Ta ce lokaci ba zai kai ba kafin Nuwamba. Ya rubuta cewa shi ma haka masu kawo ɗinki suke ce masa, kuma yana gamawa. Mai walda ya ce shi ba ruwansa, duk wanda ya ci a kira shi. Goggo, wadda shekara uku tana cewa yarinyar nan gumaka take ƙerawa, ta je shagon da kanta ranar Talata, ta zagaya jikin sau biyu, ta taɓa yatsun da ke riƙe da almakashi, ta fito. Daga baya ta aika wa Auta sabuwar safar hannu ta aiki.

Ni ma na tsaya na kalle shi da kyau a karo na farko. Ba shi da kai tukuna, kan yana gefe a kan buhu. Ƙarfe ne zalla, ba ido ba baki, ga tabon walda a kowane gefe, haske yana ratsa wasu wuraren. Amma yadda kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka, da yadda ƙafa ɗaya ta miƙe gaba tana neman fedar keke, ko daga bakin titi ka hango shi za ka yi sallama. Ban san me masana za su ce a kai ba. Ina so dai ka gani da idonka kafin ka sake yi mata maganar neman aiki.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka taso yanzu, babu abin da za ka yi a nan wanda ba a yi ba, ka bari mu ji sakamako tukuna. Ka kira ranar Lahadi da rana ta bidiyo, zai fi son ka gan shi zaune da hularsa. Kai za ka yi maganar, shi zai ɗaga kai ko ya rubuta. Kada ka yi masa faɗa, Umma ta yi na kowa har da na jikoki. Sannan ka kira Auta daban. Kowa yana ce mata ita ta ceci Baba, ita kuwa abin da take maimaitawa shi ne ta tsaya kamu ɗaya daga wuyansa a watan Mayu ba ta ɗaga ido ba, ta kuma ɓata makonni uku tana zargin ƙarfe. Na gaya mata mu da ba mu riƙe na'ura ba me muka gani? Ba ta ji nawa ba. Naka za ta ji, don kai ne ba ka taɓa yaba mata ba.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci, ta gan ka a hoto ka zube. Baba ya ce a gaya maka shi ya hana, kada ka ga laifin kowa, kuma rigar da ka aiko masa hannunta ya yi tsawo, ya rage. Kawu da Goggo suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na gode da turaren, ka shafa mini kan yara duka ukun. Ka gaishe da abokinka da ya sauke ka lokacin da ka isa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka,
ƙanwarka.

Kafin in rufe takardar na kira ɗakin gwajin. Naman ya isa wurinsu tun Talata, sun fara aiki a kai. Sakamako sai Alhamis mai zuwa.